Kantin da ke sayar da kaya da sunan garinsu

A kan titin Gidan Zoo da ke nan birnin Kano akwai wani kanti da ya bi wata hanya ta daban wajen jera kayansa. Maimakon a tara shinkafa wuri guda, kayan shayi wuri guda, kamar yadda aka saba, sai aka ware kaya bisa ga inda suka fito, kuma a gaban kowane kaya aka manna ɗan kati mai ɗauke da sunan gari ko yanki. Ba zan ambaci sunan kantin ba, domin cikin abin da zan faɗa akwai yabo, akwai kuma ƙorafi. Farashinsa ya fi na Kasuwar Singa nesa ba kusa ba, kuma hujjar da masu shi suke bayarwa ita ce kayansu na asali ne, daga wuraren da aka san su da su. Saboda haka ma'aunin da ya dace a auna kantin da shi guda ɗaya ne: idan ka biya kuɗin sunan gari, da me za ka tabbatar cewa daga garin nan kayan suka fito?

Kiran kaya da sunan garinsu ba baƙon abu ba ne ga Bakano. Kakanninmu sun san goro ɗan Gwanja da gishirin Bilma, mu kuma mun tashi mun tarar da albasa 'yar Galmi da atamfa Holan da dabinon Madina, kuma kowa ya san cewa sunan yana ƙara wa kaya daraja a bakin ciniki. Abin da ya sauya shi ne a yau doka ta shiga cikin lamarin. Tun daga 1995, lokacin da aka kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya, wato WTO, yarjejeniyarta ta kare mallakar fasaha, mai suna TRIPS, ta wajabta wa ƙasashe mambobi, har da Najeriya, su kare abin da ake kira alamar asalin wuri. Sashe na 22 ya bayyana ta a matsayin alamar da ke nuna cewa kaya ya fito daga wani yanki, matuƙar ingancinsa ko shahararsa ta samo asali ne daga yankin nan. Sashe na 23 ya ba giya kariya mafi ƙarfi fiye da sauran kaya, abin da ƙasashe irin su Indiya suka daɗe suna cewa babu adalci a ciki, tunda su shayi da shinkafa suke nomawa. Sashe na 24 kuwa shi ne ƙofar da rigima take shigowa, domin ya yarda cewa idan suna ya riga ya zama sunan gama-gari a wata ƙasa, ba dole ba ne ƙasar ta kare shi.

Wurin yana da tsabta da haske, akwai wajen ajiye mota, ana karɓar kati da tiransifa, kuma firijin yana kan sola, abin da ba ƙaramin muhimmanci ba ne ga mai sayar da cuku a garin da wuta ba ta da tabbas. Yaran kantin suna da ladabi, sai dai saninsu game da kayan bai wuce abin da ke rubuce a kan katin ba.

Shinkafar basmati ita ce abin da na fi gamsuwa da shi. Kantin yana da ta Indiya da ta Pakistan, an jera su kusa da juna, kuma kowane buhu yana ɗauke da sunan kamfanin da ya fitar da ita da ƙasar da ta fito da ranar da aka ɗura ta. Na dafa duka biyun, kuma duka sun yi abin da ake nema daga basmati ta gaskiya: ƙwayar ta miƙe ta yi tsawo ba tare da ta kumbura ba, ta fito a warware, ƙamshinta kuma ya cika ɗaki tun kafin a sauke tukunya. Ta dace da shinkafa da miya ko dafa-duka, amma wanda zai yi tuwo ya nemi ta Kura ko ta Haɗeja, domin basmati ba ta da danƙo. Zaman buhunan nan biyu a kanta ɗaya kuwa ya fi zaman ƙasashen biyu lafiya a kan wannan suna. A 1997 wani kamfanin jihar Texas mai suna RiceTec ya sami takardar mallakar ƙirƙira a Amurka a kan wasu irin shinkafa da ya danganta da basmati, Indiya ta ƙalubalance shi, kuma zuwa 2001 mafi yawan abin da ya yi iƙirari a takardar ya faɗi. A lokacin, Indiya da Pakistan damuwarsu ɗaya ce. Amma da Indiya ta nemi Tarayyar Turai ta yi wa basmati rajista a 2018, aka kuma wallafa buƙatar a watan Satumba na 2020, sai Pakistan ta shigar da ƙin amincewarta kafin shekarar ta ƙare. A cikin wannan shekarar ne Pakistan ta kafa tata dokar alamar asalin wuri, sannan ta yi wa basmati rajista a gida a farkon 2021. Tushen matsalar shi ne yankin Punjab, inda ake noman wannan shinkafa tun kafin a raba shi biyu a 1947. Mai karatu ya riƙe wannan, domin irinsa yana nan kusa da mu.

Shayin Darjeeling da ke kantin yana ɗauke da tambarin Hukumar Shayi ta Indiya, wato hoton mace riƙe da ganyen shayi a cikin da'ira, kuma wannan tambari shi ne abin dubawa, ba sunan da aka rubuta da manyan baƙaƙe ba. Gonaki 87 ne kawai a tsaunukan Darjeeling suke da izinin amfani da sunan, kuma an daɗe ana kukan cewa shayin da ake sayarwa da wannan suna a duniya ya ninka abin da gonakin suke iya fitarwa. Shi ne kaya na farko da Indiya ta yi wa rajista bayan dokarta ta 1999 ta fara aiki, kuma Tarayyar Turai ta karɓe shi a 2011. Ruwansa ba shi da kauri, ƙamshinsa kuma mai laushi ne, don haka wanda ya saba da shayi mai kauri da madara da kayan ƙamshi zai ga kamar an cuce shi. Ban ga dalilin biyan wannan kuɗi ba ga wanda zai zuba masa madarar gwangwani.

A wajen cuku ne kantin ya yi tuntuɓe, kuma tuntuɓen ya faɗa daidai inda manyan ƙasashe suka fi shekara ashirin suna jayayya. Akwai Parmigiano Reggiano na gaske, mai hatimin Tarayyar Turai ja da ruwan ɗorawa, wanda ke nuna cewa dukkan aikinsa a yankinsa na arewacin Italiya aka yi shi, kuma ya yi aƙalla wata 12 a ajiye. A gefensa akwai gwangwanin garin cuku mai suna Parmesan da aka yi a Amurka, amma katin kantin ya haɗa su duka a ƙarƙashin “cukun Italiya”. A Amurka kamfanin bai yi laifi ba, domin a can Parmesan sunan nau'in cuku ne kawai. A Turai kuwa, kotun Tarayyar ta yanke a 2008 cewa sunan yana kwaikwayon Parmigiano Reggiano ne, don haka ba a sayar da irin wannan gwangwani da wannan suna a can. Haka kuma akwai wani farin cuku na madarar shanu daga Danmak wanda kwalinsa bai kira kansa feta ba, wato sunan wani cukun ƙasar Girka, amma katin kantin ya kira shi da haka. Akwai dalilin da ya sa kwalin ya yi shiru. Girka ta sami rajistar feta a 1996, kotun Tarayyar Turai ta soke ta a 1999, aka sake yi a 2002, sannan a 2005 kotun ta yi watsi da ƙarar Jamus da Danmak. A watan Yuli na 2022 ta ƙara da cewa Danmak ta saɓa doka da ta bar kamfanoninta suna fitar da cuku zuwa ƙasashen waje da sunan feta. Feta ta doka da madarar tumaki ake yin ta, ana iya ƙara ta awaki har zuwa kashi 30 cikin ɗari. Abin da kotu ta hana kamfanin Danmak rubutawa, sai ga shi an rubuta masa da biro a Kano.

Da na nuna wa yaron da ke kula da sashen, sai ya ce, “Ranka ya daɗe, haka Alhaji ya ce a rubuta, saboda da sunan nan mutane suke tambaya.” Na yarda ba da niyyar yaudara aka yi ba, kuma amsar tasa, ba tare da ya sani ba, ita ce hujjar da Amurka take kafawa: cewa mai saye nau'in kaya yake nufi, ba gari ba. Da irin wannan hujja wata kotun ɗaukaka ƙara ta Amurka ta yanke a 2023 cewa sunan cukun gruyere na gama-gari ne a can, duk da ƙorafin masu yin sa a Suwizalan da Faransa. Amma kantin da ya gina cinikinsa a kan asali ba shi da damar fakewa da wannan. Wani abu kuma da ya kamata Musulmi ya sani: hatimin asali ba shaidar halal ba ne, kuma Parmigiano da sinadarin da ake cirowa daga cikin ɗan maraƙi ake daskarar da shi, don haka mai taka-tsantsan ya bincika kafin ya saya.

A kantar da aka rubuta “Afirka” na sami farin masoro na Penja daga Kamaru, da shayin rooibos na Afirka ta Kudu, da gahawar Habasha. Masoron ya cancanci kuɗinsa, domin kaɗan daga cikinsa ya isa farfesu, kuma yajinsa ba ya rufe ɗanɗanon nama. Cewa waɗannan kaya suna iya ɗaukar hatimin Turai a yau sakamakon wata shari'a ce a WTO. Amurka ta kai ƙara a 1999, Ostireliya ta bi ta a 2003, suna cewa dokar Turai ta 1992 ba ta ba baƙo damar rajista sai ƙasarsa tana da tsari irin na Turai kuma tana kare sunayen Turai. A watan Maris na 2005 kwamitin shari'a ya ce wannan sharaɗi wariya ce, ko da yake bai rushe tsarin gaba ɗaya ba, shi ya sa kowane ɓangare ya fita yana cewa shi ya yi nasara. Turai ta gyara dokar a 2006, gahawar Kolombiya ta zama ta farko daga waje a 2007, rooibos ya zama na farko daga Afirka a 2021, masoron Penja ya biyo baya a 2022. Habasha kuwa wata hanya ta bi, domin ta nemi tambarin kasuwanci ne a kan sunayen Sidamo da Harar da Yirgacheffe, abin da ya jawo mata taƙaddama da kamfanin sayar da gahawa na Starbucks har aka sasanta a 2007.

Sashen kayan gida shi ne mafi girma a kantin, shi ne kuma mafi rauni a wajen hujja. Akwai kilishi da aka ce na Agadasawa ne, da zuma da aka ce ta Mambila ce, da citta ta Kaciya, da garin Ijebu, da yadin rini na Ƙofar Mata, da jakunkuna da takalma na fatar jar akuyar Sakkwato. Kilishin yana da kyau ƙwarai: an yanka shi da siranta, labu ya kama shi ba tare da ya rufe nama ba, ba shi da sikari mai yawa, kuma an rufe ledarsa da kyau. Cittar ma tana da zafin da aka san ta kudancin Kaduna da shi. Zumar ce ban gamsu da ita ba, ba don na same ta da algus ba, sai don babu komai a jikin kwalbar sai sunan tsauni da lambar waya, alhali kuɗinta ya kusa ninka na wadda ake samu a kasuwa. Ko da akwai lambar NAFDAC, ita wannan lamba ba shaidar garin da kaya ya fito ba ce. Yadin rinin kuwa kashi biyu ne a kanta ɗaya: akwai wanda kamanninsa da warinsa suka nuna aikin karofi ne na baba da toka, an kuma kai shi mabuga ya yi sheƙi, akwai kuma wanda shuɗinsa ya fi kama da na sinadari, kuma kati ɗaya ne a gabansu duka. A wannan sashe abin da kake saye shi ne maganar mai kanti, ba wata takarda ba.

Laifin ba na kantin kaɗai ba ne. Najeriya ta daɗe tana dogara da dokar tambarin kasuwanci ta 1965, wadda ta tanadi tambarin shaida da wata ƙungiya za ta iya yi wa rajista a ofishin da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari, amma wannan ba daidai yake da rajista ta musamman mai fayyace iyakar yanki da hanyar sarrafawa da mai duba aiki ba. Illar wannan tana cikin sakin layi na 9 na sashe na 24 na TRIPS, wanda ya ce babu ƙasar da aka wajabta wa kare sunan da ba a kare shi a ƙasarsa ta asali ba. Ma'ana, ko da wani a Dubai ko Landan ya buga “Ƙofar Mata” a kan yadin inji, ƙararmu za ta fara ne da rauni tun daga gida. Kano kuwa ta riga ta san ɗacin wannan asara, domin fatar jar akuya da aka jeme a nan, fatake suka ƙetara da ita Sahara, Turawa sun san ta ne da sunan fatar Maroko. Har yau majemun Challawa da Sharaɗa suna fitar da fata zuwa Italiya da Sifaniya, inda ake ɗinka ta a sa mata sunan can.

Maƙwabtanmu ba su tsaya jira ba. Ƙungiyar kare mallakar fasaha ta Afirka, wato OAPI, mai ƙasashe 17 da hedkwata a Yawunde, ta yi wa masoron Penja da farar zumar Oku da gahawar Ziama-Macenta ta Gini rajista tun 2013, kuma Nijar, wadda mamba ce a cikinta, ta yi wa kilishinta da albasar Galmi rajista ta wannan hanya. Najeriya ba ta cikin ƙungiyar. Rajistar “Kilishin Nijar” ba ta hana mutumin Agadasawa kiran kayansa kilishi ba, kuma ba na ganin Nijar ta yi wani abu da ya wuce haƙƙinta. Amma kilishi sana'a ce ta ƙasar Hausa tun kafin Ingila da Faransa su ja iyaka a tsakaninmu, jar akuyar da muke kira ta Sakkwato ita ce suke kira ta Maraɗi, kuma wannan shi ne ainihin yanayin Punjab. Ranar da wani babban mai saye a waje ya ce ba zai karɓi kaya ba sai mai takardar asali, ɓangare ɗaya zai miƙa tasa, ɗaya kuma zai fara ba da tarihi da baki. Da yake shugabannin Afirka sun amince da ƙa'idar mallakar fasaha ta yarjejeniyar ciniki marar shinge ta nahiyar a watan Fabrairu na 2023, wannan tambaya za ta iya tasowa a tsakaninmu kafin ta taso a Turai. A ganina, abin da ya fi dacewa da kaya irin waɗannan shi ne rajistar haɗin gwiwa tsakanin ƙasashen biyu, kuma Dokar Janiba ta 2015, wadda ta sabunta yarjejeniyar Lisbon ta kare sunayen asalin wuri, ta kuma fara aiki a 2020, ta tanadi hakan ga yankin da iyaka ta ratsa.

Duk da haka, akwai abin da kantin zai iya yi gobe ba tare da ya jira majalisa ba. Zai iya raba katin cukun nan biyu, ya rubuta Amurka inda aka yi a Amurka, ya kuma cire sunan feta daga kan na Danmak. Zai iya rubuta sunan marini ko ƙungiyar marina a kan kowane yadi, ya ware na baba daga na sinadari, kowanne da farashinsa, tunda na sinadarin ma yana da masu so. Zai iya sa sunan ƙauye da na ƙungiyar masu kiwon zuma da lokacin da aka ɗebe ta a jikin kwalba. Masu rini da masu kilishi suna cikin ganuwar nan, tafiyar adaidaita sahu ce daga kantin, don haka tabbatar da nasu ya fi tabbatar da na Darjeeling sauƙi.

Wanda ke neman basmati ko masoron Penja ko shayin da hatiminsa yake a jiki zai iya zuwa ya saya da kwanciyar hankali, muddin ya karanta kwalin ba katin ba. Kilishin ya isa a kai shi tsaraba, musamman saboda yadda aka rufe shi. Yadin rini kuwa, mai lokaci ya je Ƙofar Mata da kansa ya ga karofin da aka tsoma shi ya yi ciniki da marinin, zumar kuma ni dai na bar ta a kanta har sai kwalbar ta faɗi wanda ya ɗebo ta.